Ya ce ni zan riƙa soka masa allurar, ni kuma hannuna rawa yake

"Salam Anti. Mijina shekara biyu kenan yana wankin ƙoda sau uku a sati, yanzu asibitin da yake zuwa sunce ya cancanci a bashi inji ya riƙa yi a gida, amma sai ɗayanmu ya koyi saka allura. Shi yace atafau bazai iya soka wa kansa ba, ni zan koya. Ranar da nas ta bani na gwada allurar ta zarce, hannunsa ya kumbura yayi baƙi, yayi min tsawa a gaban mutane. Tun ranar bana barci, in na tuna kaurin allurar nan sai cikina ya juya. Yanzu cewa yake in na kasa to ni na hana shi hutu. Anti dan Allah ya zanyi?"

Wa'alaikissalam ƙanwata. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki, jinyar mai ciwon ƙoda wanda bai yi ba bazai gane ba.

Bari in fara da hannun nan da ya kumbura, don nasan shi yake hana ki barci fiye da tsawar. Abinda ya faru shine bakin allurar ya shiga jijiyar ya huda ɗaya bangon ya fita, ko ya goce ta gefe, sai jini ya tsiyaya ƙarƙashin fata, shine kumburin da baƙin da kika gani. Ƙanƙara ake naɗewa a tsumma a ɗora ranar farko, bayan awa 24 a koma ɗumi-ɗumi, cikin sati ɗaya zuwa biyu jiki ya shanye abinsa. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin wankin ƙoda kuma wallahi ban san nas ko ɗaya da bata taɓa fasa jijiya ba, har da ni, ranar da na fara yi sai da na shiga banɗaki nayi kukana na wanke fuska na dawo. Ke kuma ranarki ta farko ce, mai hannun mijinki ne, ga mutane suna kallo. In akwai inda zan ga kuskure to a wajen koyarwar ne, an miƙa miki allura tun baki shirya ba.

Toh yanzu ga maganar da nasan ba ita maigida yake son ji ba. In dai idonsa yana gani sosai, hannunsa ɗaya yana aiki lafiya, shi ya kamata ya koyi soka wa kansa, ba ke ba. Ba don in raba ki da wahala nake faɗa ba, don hannun nasa nake faɗa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nas in na riƙe allura ta waje kawai nake ji, da ɗan yatsana da idona, shi kuma mai hannun yana ji ta waje yana ji ta ciki. Akwai wani ɗan sakewa da ake ji lokacin da allura ta ratsa bangon jijiya, kamar kina huda leda mai kauri sai kiji ta saki, mai jiki shi yake fara jin wannan, haka in bakin allurar ya kusa taɓa bangon ƙasa shi zai fara sani ya tsaya, kafin ni in ankara na riga na zarce. Kuma abin mamaki yawancin waɗanda na koya wa sukan ce zafin ya ragu da suka fara yi da kansu. Ba sihiri bane, kinsan mutum baya iya yiwa kansa cakulkuli, rabin zafin allura rashin sanin lokacin da zata shigo ne, in kai ke turawa babu bazata, hankalinka kuma ya tafi kan aikin.

Sannan ki lissafa. Allura biyu a kowane wanki, ɗaya ta zuƙo jini ɗaya ta mayar, sau uku a sati, huda 312 kenan a shekara a jijiya guda, kuma masu yi a gida da yawa sun fi sau uku, wasu huɗu wasu biyar har shida. A asibiti yau wannan nas gobe waccan, kowa da nauyin hannunta da kwanar da take shiga. Jijiyar nan da aka haɗa masa, wadda ake kira fistula (ba ta yoyon fitsari ba, suna ne ya zo ɗaya), ita ce igiyar rayuwarsa, kuma wuraren da za a iya yin irinta a jikin mutum ƙididdigaggu ne, in wannan ta lalace sai a hau sama, in ta sama ta lalace a koma ɗaya hannun. Hannu ɗaya tak da ya santa lungu-lungu ya fi mata hannu goma masu gwaninta.

Ga kuma yau da gobe. Ranar da zazzaɓi ya kwantar dake fa? Ranar da tafiya ta kama ki? Balle ranar da kuka yi cacar baki da safe, da yamma kuma ke ce a tsaye kansa da allura mai kaurin kusan milimita 2, ai ko ke bakiso ko shi baiso. Na ga auren da abin nan ya ci, matar ta tashi daga mata ta koma ma'aikaciyar jinya da ba a biya kuma ba a gode mata, duk ranar da aka kuskure ita ce mai laifi. Kinga har kin fara ɗanɗanawa tun injin bai shigo gidan ba.

Ki gaya masa ba sabon abu ake nema ya yi ba. Tun 1964 aka fara wankin ƙoda a gida a Seattle da Boston na Amurka da kuma Landan, da injina irin na da masu wuyar sha'ani, ita kuma wannan dabara ta haɗa jijiya mai kawo jini daga zuciya da mai mayarwa likitoci ne a New York, Cimino da Brescia da Appel, suka fito da ita a 1966. Shekara wajen sittin kenan mutane na gari, ba likitoci ba, suna soka wa kansu a ɗakunansu.

Amma fa kada ki raina tsoronsa. Tsawar nan da yayi miki tsoro ne ya fito ta baki, ban ce ya kyauta ba, bai kyauta ba kuma yana da bashin ban haƙuri, amma ki lura da abu ɗaya in kun je wanki: ina yake kallo lokacin da nas ta ɗauko allura? Na tabbata bango. Mutumin da ya shekara biyu yana kau da kai baka ce masa gobe ka soka, ai ko kallon abin bai taɓa yi ba. Da kallo ake farawa.

Yadda muke bi da mai tsoro, kuma yadda nake so ku nemi nas ɗinsa ta bi dashi, a hankali ne kamar yaye. Satin farko ba ruwansa da allura, aikinsa ya wanke hannun da sabulu da kansa, ya duba fatar ko akwai ja ko kumburi ko wani ruwa, ya ɗora yatsu kan jijiyar yaji wannan zuuu ɗin da take yi kamar kin dafa firiji yana aiki, ya karɓi abin sauraron ƙirji ya saurari shuu-shuu ɗin jinin, ya bi ta da yatsa daga tabon aiki har inda ta nitse yasan ina ta miƙe ina ta karkace. Sai ya fara kallo, ko ta wutsiyar ido ce. Sai ya riƙa danne wurin da kansa in an cire. Daga nan ya fara zare allurar da hannunsa, wannan matakin mutane suna raina shi amma nan ne yatsa yake fara sanin kwanar da allura take kwance a ciki. Sai gwaji a hannun roba har hannu ya faɗa. Sannan ya ɗora hannunsa kan na nas tana sokawa yaji yawan ƙarfin da ake sawa, wanda bai kai yadda yake zato ba, sai a juya, shi ya riƙe allurar ita ta ɗora nata a kan nasa. Allura ɗaya zai fara yi, a wuri mafi sauƙi, ita ta saka ta biyun, har ranar da zai ce barni. Horon wankin gida gaba ɗaya yakan ɗauki sati huɗu zuwa takwas, amma koyon allura ba sai an jira wannan ba, yana iya farawa a kujerar da yake zama yanzu ya kwashe watanni yana yi nas na gefensa.

Bazan manta wani dattijo ba, ƙato ne mai murya, irin mutanen da in sun shigo ɗaki kowa ya sani. Ranar da ya ce zai gwada ya riƙe allurar saman fatarsa ya fi minti goma, gumi yana ɗiga daga haɓarsa kan tawul ɗin da muka shimfiɗa, fukafukan robar da ake riƙe allurar da su suna karkarwa tsakanin yatsunsa. Ban ce masa komai ba, na tura kujerata kusa na zauna kawai, don a wannan lokacin duk wani "daure mana" ƙara dagula abu yake. Can sai ya ja numfashi ya tura, jini ya leƙo cikin robar yana bugawa dal-dal-dal, ya ɗago ya kalle ni yace "shikenan?" Nace shikenan, kwantar da ita ka ƙarasa. Bayan wata biyu ko ni baya bari in taɓa masa hannu.

Akwai ƙananan abubuwa masu rage fargaba. Man kashe zafi irin su Emla ana shafawa awa ɗaya kafin lokaci a rufe da leda, sai a wanke shi tas kafin a goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar maganin ya bushe da kansa ba a hura masa iska ba. Ya ɗora hannun kan filo a tebur ya miƙe sosai, haske ya wadata, in yana sa tabarau na karatu ya saka. Ya tura allurar lokacin da yake sakin numfashi. In yana cikin masu jin jiri ko suma in sun ga jini ya faɗa tun farko a kwantar masa da kujera, ba abin kunya bane, jiki ne.

Ita sokawar kanta ba a rubutu ake koyonta ba, kada ku kuskura ku ɗauki maganata ku gwada ku kaɗai, amma gara ku san me zaku ji don kada ya zame muku baƙo. Ana ɗaure dantse da igiyar roba jijiyar ta taso, akwai irin wadda ake ɗaurewa da hannu ɗaya. Fiƙaƙƙen gefen allurar yana kallon sama, a shiga a karkace kamar digiri 25 zuwa 35 in fistula ce, in kuma robar da aka dasa ce a hannun maimakon fistula to wajen digiri 45 kuma ita ba a ɗaure mata dantse. Da zarar jini ya leƙo sai a kwantar da allurar a tura sannu, in an ji turjiya ko zafi a tsaya, ba a lalube a cikin nama. Ba a sokawa dab da tabon aiki, a bar kamar santimita 4 zuwa 5, haka tsakanin allurorin biyu, don in sun matsu injin zai riƙa zuƙo jinin da ya gama wankewa yana sake wanke shi, an zauna awa huɗu a banza. Wadda take mayar da jini kullum bakinta wajen zuciya yake kallo. Lambar allura kuma a juye take, 17 ta fi siranta, 15 ta fi kauri, ba laifi bane ya tambaya ko za a bari ya fara koyo da siririya ko da gudun injin zai ɗan ragu a kwanakin.

Inda nake so ki buɗe ido sosai shine wurin da yake sokawa. Mai tsoro in ya samu wuri ɗaya da yake shiga ba zafi sai ya liƙe masa, yau nan gobe dab da nan jibi dab da nan, a hankali bangon jijiyar ya yi laushi ya kumburo kamar ƙwai, fatar ta yi sheƙi ta sirance, wannan shine mafi munin hanya kuma ita ce wadda hannu yake kai kansa in ba a hana shi ba. Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce ta hawan tsani, kowane wanki a matsa gaba kaɗan, a bi tsawon jijiyar duka har ƙarshe sannan a dawo ƙasa, kafin a zagayo wurin farko ya warke. Wasu har zanen hannun suke yi a takarda suna sa alama.

Akwai ta biyu da za a iya yi masa tayinta, ana ce mata ƙofar maɓalli, wani likita Twardowski ne ya fara ta a Poland a shekarun 1970. Ita kuma rami ɗaya ne tak, kwana ɗaya, zurfi ɗaya, hannun mutum ɗaya, a yi ta bi da allura mai kaifi kamar sau takwas zuwa goma sha biyu har hanya ta kafu irin hudar kunne, daga nan a koma allura mara kaifi da take zamewa ciki kawai. Masu yi a gida suna sonta don sauƙi, musamman in jijiyar gajera ce babu wurin hawan tsani. Amma tana da haƙori. Ramin nan ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jini, busasshen jinin da yake toshe bakinsa matattarar ƙwayoyin cuta ne, dole a goge wurin, a ɓamɓare shi gaba ɗaya da tsaftataccen abin da aka tanada ba da farce ba ba da bakin allurar da za a soka ba, a sake gogewa, kullum, har ranar da aka gaji. Don haɗarin cutar shiga jini ne jagorar likitocin ƙoda ta Amurka ta 2019 ta fifita hawan tsani ta bar wannan ga masu buƙata ta musamman. Kuma ba a yinta a kan robar da aka dasa. In maigida mutum ne mai gaggawa mai "ai ba komai", ni dai bazan zaɓa masa ita ba. Duk wadda aka bi, zazzaɓi ko rawar sanyi ko ja da zafi a wurin huda, asibiti ne a ranar, ba a kwana dashi.

To ke meye naki? Da yawa, kuma wanda ya fi sokawar muhimmanci ma. Mai hannu ɗaya yana buƙatar mai miƙo kaya, mai ja masa fata ta miƙe, mai liƙa filasta yadda aka koya, ɗaya a kan fukafukai ɗaya ta zagayo ta ƙasa ta harɗe, a kuma kafe robar a jikinsa ba a jikin kujera ba. Babban abin tsoro a wankin gida ba kumburin da kika jawo bane, allurar da take mayar da jini ce ta zame ba a sani ba. Injin yana tura mililita 300 zuwa 400 a minti ɗaya, lita guda cikin minti uku kenan, duka jinin babban mutum kuma wajen lita biyar ne, kuma ba kullum injin yake kuka in haka ta faru ba. Shi yasa ba a rufe hannun da bargo ko sanyi ake, in yayi barci idonki na kai, akwai ma ɗan na'urar da ake liƙawa kusa da allura mai ƙara in ta ji jini, ku tambaya. Ki koyi tsayar da injin da matse robar da danne wuri har ki iya yi ido rufe. In an gama, sai allura ta fita gaba ɗaya ake dannewa, in an danne tana ciki yanka jijiyar take, yatsu biyu, minti goma ba leƙe. In ya wuce minti ashirin yana zuba a kira asibiti, in kuma tsartuwa yake a danne da ƙarfi a kira motar gaggawa ba a saki ba. Haka duk safiyar da ya taɓa bai ji zuuu ɗin nan ba, a kira take, jijiyar ce take toshewa kuma awoyi ne tsakanin a ceto ta da a rasa.

Yadda zaki tunkare shi kuma, dan Allah kada kalmar tsoro ta fito daga bakinki, kuma ba ranar da ya dawo daga wanki a galabaice ba. Ki same shi ranar hutu ki ce masa kin gwada kin ga hannunki bai kai ba kuma bazaki yi caca da jijiyarsa ba, amma duk sauran aikin kin ɗauka. Maganar cewa shi ya fi dacewa ki bar wa nas ko likita su faɗa, daga bakinsu ta fi shiga. In da hali a haɗa shi da wani mara lafiya da yake soka wa kansa ya zauna ya gani, gani ya kori ji, namiji in ya ga ɗan uwansa wanda bai fi shi komai ba yana yi yana hira, wani abu yakan motsa masa. Zancen ke kika hana shi hutu kuma kada ki karɓa ki ajiye a ranki, injin ba gudu zai yi ba, in an ɗaga wata biyu ko uku ana koyo ba abinda ya lalace.

Sai dai in akwai dalili na gaske. Masu ciwon suga da yawa idonsu ya raunana ko yatsunsu sun mutu basa ji, wani hannunsa rawa yake, wani kuma an yi masa jijiyar a can saman dantse ta baya ko a hannun da yake aiki dashi. In haka ne to sai a dawo kanki, amma da yardarki, kuma ta wannan matakan dai da na lissafa tun daga wanke hannu, ba a sake miƙa miki allura rana tsaka ba. In kin bi su duka har yanzu ranki bai kwanta ba kina da damar cewa a'a, ku tambayi likita ko wankin da ake yi ta ciki da ruwa zai dace dashi, shi babu allura sam kuma a gida ake yinsa. Abinda bana so shine tsoron allura ya kai shi ga neman a bar masa robar da ake sakawa a jijiyar wuya don wanki dindindin alhali yana da jijiya mai kyau, robar wuyan ce ta fi kowacce kawo cuta cikin jini.

Wankin da zai je na gaba ki bi shi, ki zauna ta ɓangaren hannun, in nas ta ɗauko allura kice masa "Yallaɓai juyo ka tayani gani, ni ma so nake in gane inda na kuskure." Kada ki ƙara komai a kai. Ki rubuto min bayan sati biyu ki gaya min ko ya juyo.